Jinin Nasira

Aljir, watan Rajab

Halti Nasira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki ƙanwar uwata, ina gaishe da mijinki Ammi Milud da Hajja surukarki da duk mutanen gida. Ya zafin Timimun? Jiya a talabijin sun shafa wa garinku jan launi a taswira, Yemma uwata ta ce in tambaye ki ko kin narke ko da sauranki. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Yemma tana ci, tana barci, tana yi mini faɗa, kin ga ke nan sauƙi ya samu.

Gashinta ya gama fitowa, kuma a murɗe ya fito, irin naki sak. Ta ce tun da aka zuba mata ɓargonki take kwaɗayin barkono, ita da ko ƙamshinsa ba ta so. Likita ya ce babu ruwan ɓargo da barkono. Ta ce, "Shi bai san Nasira ba ne. Bari in fara ƙin wanke-wanke, a nan zai yarda."

Ga abin da ya sa na rubuto. A tsakiyar Sha'aban shekara za ta cika da ranar da aka kwantar da ke a kan na'urar nan mai tace jini, aka tsamo irin ɓargonki aka kai mata cikin ɗakin gilashi. Kin tuna alwashin da ta ɗauka, cewa in ta fito da ƙafarta za ta yi sadakar kuskus, a ciyar da duk mutanen benenmu, a kai masallaci. To, ta kafe sai an yi. Kuma ta ce ba za a murza ko ƙwaya ɗaya ba sai hannun ƙanwarta yana cikin akushin. Na ce mata tafiyar kwana da yini ce a bas. Ta ce ai lokacin zafi duk mutanen kudu bakin teku suke gudowa, ke ce za ki zama ta daban?

Ni dai ina nan yadda kika bar ni. Ɗaki biyu, hawa na biyar. In tafasa ruwa, in tafasa cokali, in goge ƙasa da maganin da ya gama cinye mini tafin hannu. Har yanzu ba a yarda ta je hamam, gidan wankan jama'a, ba, tsuntsunta ma yana gidan maƙwabta, daga taga take yi masa fito. Makarantar da nake koyarwa sun ba wata ajina, ban ga laifinsu ba. In na sauka sayen burodi nakan tsaya a bakin ƙofa in sha iska kamar ɓarauniya, sannan in hau.

Wayar gidan nan a gefen gadonta take, taku kuma tana shagon Ammi Milud inda maza suke yini, shi ya sa na ba Si Ammar direban bas wannan takarda. Ki zo, Halti. Ba don kuskus kaɗai ba. Ki zo da niyyar ɗan daɗewa, akwai maganar da nake so mu yi ni da ke.

'Yarki,
Suhila

*

Timimun, ƙarshen Rajab

Suhila 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ina dariya har Hajja ta leƙo ta ce wa ya mutu ya bar mini gado. Muna nan ƙalau. Milud yana gaishe ku, ya ce ki daina ce masa Ammi kamar wani baffanki, kina tsofar da shi a banza. Ki gaya wa Yaya Huriya ban narke ba tukuna, amma da rana ko kaji ba sa yarda su taka ƙasa. Maganar wanke-wanke kuwa sharri ne. Ni ce na wanke tukwanen gidanta tun ina taka kujera in kai ga famfo.

Allah Ya sani na so zuwa, amma bana ba zai yiwu ba. Dabinon farko ya soma nuna, masu hawa bishiya suna zuwa tun da asuba, a ba su shayi, a ba su abinci. Gwiwoyin Hajja sun ƙi, Milud kuma ba ya iya barin shago. In na tafi gidan nan zai kife.

Amma ban bar Yaya da alwashi a wuya ba. Matan gida sun zauna sun murza mata kuskus na alkamarmu ta nan, aka kawo mini akushin na sa hannuna har wuyan hannu na juya, na yi bismillah. Ga shi nan cikin farin buhu wajen Si Ammar. Ta ce sai da hannuna, to ga hannuna, ba ta ce sai da fuskata ba. Akwai dabino ma, na san za ki turara shi har ya fita daga hayyacinsa kafin ki bari ta ɗanɗana.

Yanzu zo nan, munafuka. Wace magana ce wannan da sai an daɗe? Kin ɗauka ban gane ba? Malamin lissafin nan ne mai dogon wuya, wanda ya riƙa kawo lemo asibiti alhali an ce ba a shiga da komai. Ya yi magana ke nan? In haka ne kar ki tsaya jirana. Ki ce ya turo manyansa, Yaya ta warke, ke ma lokaci ya yi da za ki sauko daga wannan bene ki ga rana. Kin ba uwarki shekara biyu na ƙuruciyarki, babu wanda zai ce ba ki yi ba. Biki kuwa a sa shi bayan sanyi, lokacin zan zo in taka rawa har maƙwabtanku na hawan ƙasa su kawo ƙara.

Ki sumbaci kan Yaya a madadina, ta bayan takunkumi in kin ga dama.

Haltinki,
Nasira

*

Aljir, bayan tsakiyar Sha'aban

Halti,

Ina gaishe ki da mutanen gida, da fatan gwiwar Hajja ta yi sauƙi. Saƙo ya iso, an gode. An yi sadaka. Yemma ta zauna a bakin ƙofa da takunkumi tana ba da umarni, kowa ya wuce ya ce, "Huriya, kin dawo yarinya!" Da ta ji dabarar hannun nan taki ta yi dariya, daga baya ta ce in ajiye mata buhun.

Babu wani malamin lissafi, Halti. Ya yi aure tun bara. Na so in faɗa miki wannan magana baki da baki, amma tunda dabino ya riƙe ki, ga ta a takarda.

Tun farkon Rajab nake ganin tabo a jikinta in ina cuɗa mata baya, shuɗi-shuɗi, a cinya da ƙwauri, kuma ba ta bugu da komai ba. Dasashinta yana jini. Ranar asibiti sai mun huta a kowane hawa kafin mu kai gida, ita da kwanan baya take riga ni hawa. Ta ce zafi ne. Ni ma na ce mata zafi ne.

Kin san gwajin da suke yi su ga nawa ne naki a cikin jininta. Tun bayan dashen amsa ɗaya ce, duka naki ne. Wannan karon likita ya ce in biyo shi waje in karɓi takardar magani, ya tsayar da ni a bayan ƙofa ya ce tsohon jininta ya soma leƙowa. Na ce me ke nan? Ya ce wataƙila ba komai, wataƙila kuma ciwon ne yake neman hanya. A gidan nan ba a kiran sunansa, "wancan ciwon" muke cewa har yau, amma yau zan rubuta shi: sankarar jini. Ita ce ake tsoron ta dawo.

Sun soka mata allurar nan mai kauri a ƙashin ƙirji sun zuƙo ɓargo. Na ce mata al'adar cika shekara ce, kowa ana yi masa. Sakamako ya fito bai ce e ba, bai ce a'a ba. Likita ya janye maganin da yake danne jininki a jikinta, wai a sakar masa mara ya yi faɗa da kansa, sai bayan azumi a sake zuƙowa. In jinin ya yi nasara, shi ke nan. In bai yi ba, suna bukatar ki sake hawa na'urar su ɗebi fararen ƙwayoyin jini su ƙara mata. Ya ce yini ɗaya ne, kuma ba sai an yi miki alluran da suka sa ƙasusuwanki ciwo wancan karon ba. Ya ce, "Mai ba da jinin tana kusa?" Na ce tana nan. Ya ce, "Ta zama cikin shiri, irin wannan ba ya jira."

Ba ta sani ba. Tana ta lissafin zuwa hamam ranar jajiberin Sallah, har ta sa na fito mata da bokitinta na tagulla na goge. Ina gogewa tana waƙa. Ba ni da wanda zan faɗa wa, maƙwabta in ɗaya ta ji duk bene ya ji, kuma za su soma hawowa da fuskar ta'aziyya. Tsoro nake ji, Halti, tsoro irin wanda ban ji ba ko lokacin ɗakin gilashi, don lokacin ina da abin yi. Yanzu sai kallonta kawai nake ina ƙirga tabo.

Ki zo ki yi azumi da mu. Ki ce mata kewa ce ta kawo ki.

Suhila

*

Aljir, tsakiyar Ramadan

Halti Nasira,

Ina gaisuwa, an sha ruwa lafiya. Yemma tana nan. Likita ya hana ta azumi, ta yi kuka kamar an ƙwace mata ɗa, yanzu a ɓoye take cin abinci a cikin gidanta, wai kar mala'iku su ga tana tauna.

Na je tasha da kaina na tsare Si Ammar. Ya rantse ya ba da takardata hannu da hannu a shagon mijinki, tun washegarin da na ba shi. Na jira, na ce wataƙila azumi ne. Na sauka rumfar waya ta bakin titi na kira shagon. Ammi Milud ya ɗauka, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Tana barci." Da hantsi! Na ce a tashe ta. Ya ce, "Lafiyarta lau, za ta neme ki," ya ajiye. Na sake kira bayan kwana biyu, aka ce kina wajen maƙwabta.

To na gane. Zan faɗi abin da ke raina, in rashin kunya ne ki yafe mini ko kar ki yafe. In kin gaji da mu ki faɗa. In alluran wancan karon ne suka ba ki tsoro, na ce miki babu su. In mijinki ne ya ce matarsa ba rijiya ba ce da za a riƙa zuwa ɗiba, ki faɗa mini in san da wa nake magana. Amma kar ki sake aiko mini da dabino.

Kina 'yar shekara shida kakata ta rasu. Yemma tana amarya ta ɗauko ki, ta shimfiɗa miki tsakaninta da bango. Ita ta yi miki kitso, ita ta sayar da awarwaronta ta yi miki kayan ɗaki. Ban taɓa jin ta ambata ba, ni ce nake ambata, don na ga kamar zafin kudu yana sa mantuwa. Cikin 'yan'uwanta duka jininki kaɗai ya dace da nata. Da nawa ya dace, wallahi da ban roƙi kowa ba, da na kwanta sun tatse shi tas.

Jiya tana gyara gashinta a madubi ta ce, "Nasira shiru. Ko na yi mata laifi ne?" Na ce aikin dabino ne. Ta ce, "Dabino dai." Ƙarya ta ƙare mini, Halti. Ina yi mata ƙarya a kan jikinta, yanzu kuma ina yi mata ƙarya a kanki.

Bayan Sallah da mako ɗaya za su sake zuƙo ɓargon. Na faɗa miki don kar gobe ki ce ba ki sani ba. Wannan takardar na roƙi Si Ammar ya ba matarsa ta kai miki har ɗaki.

Suhila

*

Timimun, goman ƙarshe na Ramadan

Suhila,

Salama da gaisuwa, Allah Ya karɓi ibadarmu. Ban san ta inda zan fara ba, bari in fara da yadda abin ya zo mini.

Matar Si Ammar ta shigo jiya ta zaro takarda daga ƙirjinta ta ba ni. Na karanta ban fahimci komai ba. Wace allura? Wane ɓargo za a sake zuƙowa? Sai na gane akwai wata takarda kafin wannan. Na sa aka kira Milud daga shago. Ya shigo ya ga abin da ke hannuna, ya zauna a ƙasa. Na ce, "Ina takardar 'yar yayata?" Ya ce, "Nasira, ki yi wa Allah." Na ce, "Ina take?" Tana cikin aljihunsa, Suhila, duk tsawon wannan lokaci, har ta yi laushi don gumi. Ya ga kin rubuta gaggawa a bayanta, ya buɗe, ya kai wa Hajja, suka yanke cewa ba za a ba ni ba. A nan ba a kai wa mace mai irin halina mugun labari. Ko mutuwa aka yi a gidansu, sai dai ta ga mutane suna ta yi mata fara'a.

Ciki gare ni. Ya shiga wata na biyar.

Kin san shekara goma sha huɗu ke nan da aurena. Kin san uku da suka zube, don Yaya ce ta zo ta wanke ni a na biyu da na uku. Kowannensu sai da aka yi shela, aka zo barka, sannan ya tafi. Wannan karon da Hajja ta gane, ta rufe ƙofa ta ɗauko Alƙur'ani ta sa na dafa, na rantse ba zan gaya wa kowa ba, ko Yaya, sai ya fito fili yadda mayafi ba zai rufe shi ba. Ta ce baki ne yake cinye su. Ban san ko baki ne ba, amma da ta ce in rantse da tsayuwa da ƙafa ɗaya ma da na rantse. Gwiwar Hajja lafiyarta lau, ita ce take ɗawainiya da ni. Ba na shayin masu hawa bishiya, ba na komai. Tun Rajab ina kwance, ƙafafuna a kan matashi, ina kallon itacen rufin ɗaki har na san kowane tsagu da ke jikinsa. Ranar da kika kira aka ce ina barci, ina asibitin Adrar, jini ya ɓalle mini. Allah Ya tsayar, yana nan, jiya ma ya motsa.

Ga shi na karya rantsuwa. Milud ya fita raba abincin kaffara yana kuka, Hajja ba ta yi mini magana ba tun jiya. Zagin da kika yi mini kuwa ban riƙe ba. Da ni ce a benen nan da na rubuta wanda ya fi shi.

Da safen nan na sa aka ɗauko likitar mata da ke duba ni, na karanta mata takardarki. Ta ce abu biyu. Na ɗaya, hanyar nan mai tsalle-tsalle ba ta mai irin cikina ba ce, ko jirgi ma ba ta sa hannu ba. Na biyu, a saninta ba sa ɗora mai ciki a kan wannan na'ura, sai bayan ta haihu. Na ce in na ɓoye musu fa? Ta dube ni ta ce, "In kin ɓoye musu ai ba ki ɓoye wa jikinki ba." Haihuwa kuwa sai ƙarshen sanyi, in Allah Ya kai mu.

Na kwana ina juyawa, na kasa. In na ce Yaya, sai abin nan ya motsa. In na ce shi, sai in ga bayanta da nake kwanciya a jikinsa ina yarinya. Ke kike ganinta kullum, ke kike jin likita. In sakamako ya fito kin ga babu wata hanya, rubuto mini kalma ɗaya, ki ce zo. Zan ɗaure cikina da zane in hau bas ɗin Si Ammar, ko Milud ya yarda ko bai yarda ba, in je in tsaya a gaban likitan nan sai ya ɗiba. Abin da Allah Ya rubuta wa cikin ya same shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kar Yaya ta ji maganar cikin nan. Kin san ta.

Haltinki,
Nasira

*

Aljir, watan Shawwal

Halti,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina gaishe da Ammi Milud, ki ce masa na janye abin da na faɗa, rabinsa dai. Ki gaishe da Hajja. Ya jikinki? Yana motsi?

Na san kin jira amsa. Na zauna da alƙalami ya fi a ƙirga, in rubuta sunanki in tsaya. Kin ɗora mini abin da ya fi ƙarfina, Halti. Kin ce kalma ɗaya, kamar kalmar ba ta da nauyi. Na yi Sallah ina raba wa baƙi alewa da sirri biyu a cikina, Yemma tana cewa na rame, ko soyayya ce. Hamam ɗin ma ba a je ba, zazzaɓi ya kama ta ranar jajiberi.

Shekaranjiya muka koma karɓar sakamako. Layin ya cika har matattakala, babu inda likita zai ja ni gefe. Ya zaunar da mu a gabansa, ya tambayi Yemma jiki da Larabci, ya yi mata wasa a kan gashinta, sannan ya buɗe takardu ya juya harshe zuwa Faransanci, ya dube ni. Yemma tana zaune da jakarta a cinya tana kallon kalandar bango, kamar yadda take yi in ana maganar 'yan makaranta da ba tata ba.

Ya ce ciwon ya dawo. Kaɗan ne tukuna, amma shi ne. Ya ce, "A kira ƙanwar ta zo cikin makon nan."

Na so in ce to. Wallahi bakina ya buɗe da to. Sai na ji kaina ina ce masa, da Faransancin, a hankali, "Tana da ciki. Wata biyar."

Ya ajiye alƙalami. Kafin ya ce komai sai na ji ƙara a gefena. Yemma ce. Ta janye takunkumi ƙasa, ta kare bakinta da hannu, ta rangaɗa guɗa. Guɗa, Halti, a ofishin likitan jini, irin wadda ta yi ranar da aka fito da ke amarya. Ta yi ɗaya, ta ja numfashi ta yi ta biyu, ta uku ta sarƙe ta da tari. Ma'aikaciyar jinya ta banko ƙofa a guje. Mutanen layi suka ɗauka an ce ta warke, wata tsohuwa daga waje ta amsa mata, wasu suna ta yi mata barka, mabaruk, mabaruk.

Na ce, "Yemma, kin ji abin da muke cewa?"

Ta ce, "Shekara biyu kuna yaren nan a kaina, ko jaki ne ai ya tsinci wani abu." Hawaye yana zuba tana dariya. "Wata biyar! 'Yar banza, da dabinonta. Ni na ce wannan shirun ba na lafiya ba ne, ashe na lafiya ne."

Likita ya koma Larabci, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Ya ce gaskiya ba zai ɗora ki a na'ura da ciki ba sai in an rasa yadda za a yi, kuma ko an rasa sai manyansa sun zauna. Yemma ta ce, "Kar su wahalar da kansu da zama. Ko sun ɗebo, hannuna ne za a soka, kuma ba zan miƙa ba." Ta ce, "Ba ka da wani abu a cikin kabad ɗin nan da zai riƙe ni zuwa ƙarshen sanyi?" Ya ce akwai magani, za a kwantar da ita a sake ɗaura mata ruwan nan mai zubar da gashi, yakan riƙe wasu. Ta ce, "Wasu nawa?" Ya ce ba zai yi mata alkawari ba. Ta ce, "Ban ce ka yi alkawari ba, ɗana, cewa na yi ka riƙe." Ta mayar da takunkumi ta miƙa mini jaka.

A matattakalar gida sai da ta zauna a hawa na uku. Na ce, "Tun yaushe kika sani?" Ta ce tun tabon farko, jikinta ne ai. Ta ce ta ga ina ta ƙoƙari da ƙaryata, ba ta so ta ɓata mini.

Ga saƙonta, ta sa na maimaita har ta tabbata na riƙe. Ta ce kar ki motsa daga kan gadon nan. Ta ce in kika hau bas ba za ta buɗe miki ƙofa ba, kuma ba ta yafe ba. Ta ce ki bi maganar Hajja, ki ci hanta, ki daina karanta takardun mahaukaciyar 'yarta. Jibi za a kwantar da ita. Yau tun safe ta zazzage akwati tana neman ulu, wai za ta saƙa wa jaririn hula a asibiti, na ce ba za su bari a shiga da shi ɗakin ba, ta ce za mu gani.

Wannan nata ne. Nawa kuma, ba zan ɓoye miki ba, don na gaji da ɓoyo. Ni ba irinta ba ce. Har yanzu akwai wani wuri a cikina da yake so ya rubuta miki kalmar nan, kuma ban sani ba ko zan yafe wa kaina da na yi magana a ofishin, ko da ban yi ba ne ba zan yafe ba. Jiya a sujada na ji ina roƙon Allah Ya sauke ki da wuri. Sai na tuna abin da da wuri yake nufi ga mai wata biyar, na kama bakina. Na daɗe da goshina a ƙasa ban san me zan roƙa ba, har Yemma ta kira ni in zo in riƙe mata zaren.

Kar ki zo, Halti. Ki kwanta.

'Yarki,
Suhila